Ina za a aje butalin gaz?

Icce ya yi wuya a ƙasar Adar. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, butalin gaz yana ta shiga gidaje a Madawa, Buza da Keita.

Gaz ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo, ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Kwanciya yake yi ƙasa, kamar ruwa cikin fadama.

Masu jirgin ruwa na teku sun san wannan sarai. Cikin jirgi kamar ƙwarya ne, gaz ba shi da mafita. Don haka suna ɗaure butali a tsaye cikin akwati na dabam. A gindin akwatin akwai kafa mai fitar da gaz waje.

Ɗakinmu na Tabotaki mai dokin ƙofa, shi ma ƙwarya ne. A aje butali a tsaye ƙarƙashin rumfa, nesa da murhu. A shafa ruwan sabuni a bakin tiyo. In ya yi kumfa, akwai yoyo. Ba a gwadi da ashana!

In kun ji wari, ku rufe butali, ku kira babba.

Tambayoyi
1. Ina gaz yake taruwa in ya yi yoyo?
2. Mene ne amfanin kafar akwati?