Tanti Da Soro: Hanya Biyu Ta Yin Rufi

Mu mutanen karkarar Kano, wajajen Rijiyar Zaki, rufin soro muka sani: a jera azara, a shimfiɗa zana, a ɗora ƙasa. Irin wannan rufi da nauyinsa ya ke zaune, don haka tilas bango ya yi kauri. Ɗaki kuwa ba ya yin faɗi sai an yi masa ginshiƙi ko bakan gizo, kamar yadda Babban Gwani Mika'ilu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya.

Amma akwai wata hanya, watau ta tanti. Ƙarfin tanti a ja ya ke. Fata ko ƙyalle ba su iya ɗaukar kaya, amma in aka ɗaga tsakiya da sanda, aka ɗame igiya da turke, sai su tsaya kyam. Buzayen da mu kan gani da rani, a ƙasarsu akwai masu ɗinka jemammun fatun awaki su yi ɗaki, kuma matar ce mai shi. Larabawan daji da gashin akuya su ke saƙa nasu. In ruwa ya taɓa shi sai zaren ya kumbura, ƙofofin saƙar su toshe.

Masanan gini na Turai sun ɗauki wannan dabara. Wani Bajamushe, Frei Otto, ya rufe filin wasanni na Munik da ragar igiyoyin ƙarfe a 1972. A 1981 aka buɗe masaukin alhazai a filin jirgin saman Jidda, inda alhazanmu ke sauka: tantuna 210 haɗe da juna, na zaren gilashi, suna tare zafin rana, iska na ratsawa.

Sai dai rufi marar nauyi yana da abokin gaba, shi ne wuta. A 1997 gobara ta tashi a tantunan Mina, alhazai fiye da 300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Bayan haka aka kakkafa waɗanda wuta ba ta saurin ci.

To, 'yan'uwa, in mun fita koyarwa, mu ba yara ƙyalle da kara da igiya su kafa da hannunsu, sa'an nan su sassauta igiya ɗaya su ga abin da zai faru. Gani ya kori ji.