Amsar Tambaya: Rushewar Daula Ta Raba Mu

Tambaya: Mu biyar ne muke wasan Traveller kowane daren Asabar. Yanzu mai jan labarin yana so ya kai mu zamanin da daular taurari ta rushe, biyu daga cikinmu kuma sun ce atafau ba su yarda ba. Yaya za mu yi?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan rigima tsohuwa ce. Wasan da Marc Miller ya ƙirƙiro a 1977 ya yi suna da tsayayyiyar daula. A 1987 kamfanin GDW ya fitar da sabon bugun wasan, MegaTraveller, inda aka kashe sarkin daular, Strephon, yaƙin basasa ya ɓarke. A 1993 bugun The New Era ya ƙarasa aikin da ƙwayar cutar kwamfuta mai wayo wadda ta durƙusar da komai. Masoya suka dare gida biyu. Shi ya sa ma GURPS Traveller na 1998 ya kafa labarinsa a kan cewa sarkin bai mutu ba.

Ni dai ina ganin abokanka biyu ba sarki suke wa makoki ba. Jirginsu na cikin wasan suke tunani, da hanyoyin fataucin da suka daɗe suna bi. Wa zai so a rushe masa kasuwa bayan ya san kowace rumfa? Ka tambaye su kai tsaye.

Sannan ku yi gwaji: Asabar uku da sababbin jarumai a cikin kangon daular, tsofaffin kuma a ajiye su ba tare da an taɓa su ba. A ta huɗu sai kowa ya faɗi wanda ya fi so.