Kafin a ce yaro ya gagara, a tambayi yadda yake kwana

Idan aka kawo ɗan shekara 15 asibiti da ƙorafin ya gagari kowa, jerin laifukan kusan iri ɗaya ne: ba ya jin kira, yana ɗaga wa mahaifiyarsa murya, ƙannensa sun shiga uku da duka, malamai kuma sun gaji da gyangyaɗinsa a aji. Iyaye kan zo da tasu fassarar, ko miyagun abokai, ko shaye-shaye, ko sammu, ko tashen balaga. Abin da ba a faɗa sai an tono shi ne ƙarfe nawa yaron yake runtsawa, ƙarfe nawa ake tashinsa. A ganina, mu ma'aikatan jinya da wannan tambayar ya kamata mu fara, tun kafin a laƙaba wa yaro sunan mai kunnen ƙashi, domin sau da yawa abin da ake kira rashin tarbiyya a wannan shekarun bashin barci ne ya taru, kuma Bahaushe ya riga ya ce ba a cin bashinsa.

A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ƙayyade cewa ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Tun a shekarun 1990 kuma binciken Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ya nuna cewa balaga tana ja da agogon jiki baya: sinadarin melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi don barci ya zo, yakan makara da awa ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa yaron da a da yake ɓingirewa da an idar da isha'i, yanzu ƙarfe 11 idonsa biyu ƙyar, ko da waya ko babu. To a yi lissafi. Wanda ya kwanta 12 na dare aka tashe shi asuba ƙarfe 5, awa 5 ya samu, ana bin sa 3. Daga Litinin zuwa Juma'a bashin ya kai awa 15. Ga shi ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki kafin ya yi magana ko ya kai hannu, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma yana cikin waɗanda rashin barci ke fara raunanawa. Babba idan bai yi barci ba sai hamma da kasala. Matashi kuwa sau da yawa saurin fushi ne, da tsiwa, da kasa zama wuri ɗaya.

Dattawa kan ce su ma da asuba suka tashi, suka yi karatun allo, suka tafi gona, ba su zagi kowa ba. Gaskiya ne, amma a tuna lokacin da suke kwanciya. Garin da babu lantarki, hira ba ta wuce isha'i da nisa, kuma da rana ana ƙailula. Yaron yau an bar masa asubar kakansa, an ƙwace masa darensa da ƙailularsa. Boko da safe, Islamiyya da yamma, darasin gida bayan magariba, gidan kallon ƙwallo har wajen 11, sannan ga garaɓasar datar dare da ke jiran sa a TikTok da WhatsApp. A Amurka ƙungiyar likitocin yara ta nemi a 2014 kada makarantun matasa su fara kafin 8:30, jihar Kalifoniya ma ta mai da hakan doka ga manyan makarantun sakandare, wadda ta fara aiki a 2022. Mu nan ba wanda zai ce a ɗage asuba, kuma ba a bukata. Gyaranmu daga ɗaya bakin yake: a matso da lokacin kwanciya, a dawo da ƙailula ta minti 20 zuwa 30 kafin la'asar, kada ta zarce har ta cinye barcin dare.

Aikin mai jinya a nan bai fi biro da takarda da kunne ba. A ba yaron takarda ya rubuta na mako biyu lokacin da ya kwanta, lokacin da barci ya ɗauke shi, sau nawa ya farka, me ya sha bayan la'asar. A zauna da shi shi kaɗai, don gaban mahaifinsa ba zai ce komai ba sai sunkuyar da kai. Sannan a tambayi wanda suke ɗaki ɗaya, domin mai minshari bai san yana yi ba. Yaron da ke kwana baki buɗe, numfashinsa ya ɗauke ɗif sannan ya yi firgigit kamar an shaƙe shi, ya tashi da bushewar baki da ciwon kai, wannan a haska makogwaronsa da tocila. Naman da ke gefe biyu na makogwaro kan kumbura ya tare hanyar iska, yaro ya yi awa 9 a kan katifa amma ya tashi kamar bai kwanta ba, kuma wannan aikin likitan kunne da hanci da makogwaro ne, ba na wanzami ba. A ja fatar ido a duba ko ta yi fari, don ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kan sa ƙafafu su hana mutum sakat da dare. A tambayi tarin asma, ciwon sikila, da fitsarin kwance, wanda kunyarsa kaɗai kan sa yaro ya ƙi barci da gangan a makarantar kwana. Shayi da goro da kofi da lemukan ƙara kuzari ma a saka su cikin lissafi: jiki na ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage rabin sinadarin kafeyin da ke cikinsu, wato wanda aka sha wurin mai shayi ƙarfe 9, rabinsa na nan ƙarfe 2 na dare.

Wasu iyayen kan ga kamar muna nema wa yaro uzuri ne. Ba haka ba ne. Ladabtarwa tana nan, sai dai faɗan da aka yi wa wanda ƙwaƙwalwarsa ta gaji zuba ruwa ne a kwando, dukan da ya biyo baya kuma ƙara masa fargabar da za ta hana shi barcin yake yi. Wasu kuma su ce a taƙaita, a ba shi ƙwayar barci. Nan ne nake fi tsayawa kai da fata. A ƙasar da sai da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda matasa suka afka masa, koya wa yaro cewa barci a kemis ake sayensa ganganci ne, balle irin su diyazefam da jiki ke saurin sabawa da su. Abin da ke aiki a hankali yake tafiya: lokacin tashi ɗaya har Asabar da Lahadi, fita hasken rana da safe, matso da kwanciya da minti 15 bayan kwana biyu ko uku, gidan sauro, da barin duk wani titsiye sai gari ya waye. Waya kuma ta kwana a falo awa ɗaya kafin kwanciya, har da ta Baba da ta Mama, don dokar da aka ɗora wa yaro shi kaɗai ba ta kai mako.

Akwai kuma mai cewa ba kowace fitina ce barci ya haifa ba, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ciwon damuwa a matashi sau da yawa yakan fito da siffar fushi. Akwai tiramadol, akwai farfaɗiyar da ke zuwa cikin dare, akwai yaron da wani ke cin zarafinsa yana tsoron duhu ya yi. Wanda ke ambaton mutuwa, ko ya yi kwanaki bai runtsa ba kuma bai gaji ba, ko yake jin muryoyi, ko ya fara ɗaukar makami, ba a jira takardar mako biyu, kuma ba gidan mari za a kai shi ba. A haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa nan take, ko a asibitin Barnawa, ko na Dawanau, ko na Kware, ko na Maiduguri. Sai dai ko waɗannan ma, ta ƙofar barci aka fi saurin isa gare su. Yaron da aka tsare da "Kana shan wani abu ne?" zai haɗe rai ya ce a'a. Idan aka sassauta murya aka ce, "Ɗana, me ke hana ka barci?" yakan yi shiru na ɗan lokaci, yana murza yatsunsa, sannan ya fara magana.