Kayan Aikin Hannu Daga Gona da Gida

Wanda ya bi hanyar mota daga birnin Kano ya nufi Dambatta, ko kuwa ya bi ta Katsina ya ratsa Bichi da Tsanyawa, da wuya ya ga daji. Gona ce ke bin gona, gida yana hangen gida, ga ɗorawa da kuka da gawo tsaitsaye cikin gonakin. Mutane sun yi yawa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa, saboda haka manoman wannan wuri suka saba da tattali. Ba su zubad da kome. Kashin awaki taki ne, harawar wake abincin dabbobi ce, toka ma tana da ranarta. Yaron da ya tashi cikin irin waɗannan mutane bai kamata ya naɗe hannu a makaranta ran aikin hannu ba, wai don ubansa bai saya masa akwatin fenti ba.

Akwatin fentin nan na kanti, mai 'yan dunƙule ja da kore da shuɗi jere kamar alewa, ba wani abin al'ajabi a cikinsa. Abu biyu ne aka gama, watau garin launi, da abin da zai riƙe garin ya kama takarda. Abin nan mai riƙewa kuwa ƙaro ne, irin wanda ke tsattsafowa daga jikin ɗakwara da rani, wanda yara masu kiwo su kan ɓamɓaro su tauna. Daga ƙasashen bakin Sahara a ke sayensa a kai Turai. Sudan ta fi kowace ƙasa fid da shi, Chadi da Nijeriya kuma suna da rabonsu. Can sai a tace shi, a sa a fenti da alewa da lemon kwalba. Sa'an nan a komo da shi cikin akwati mai ado, a sayar wa mutanen da ya fito daga ƙasarsu.

To, ga yadda a ke yin ruwan ƙaro. A tsince ɓawon itace da ƙasar da suka manne masa, a daka shi sama-sama, a zuba a gwangwani mai tsabta. Awo ɗaya na ƙaro, awo biyu na ruwa mai ɗumi. A rufe a bar shi ya kwana. Da safe a dama, a tace da ƙyalle. Wannan ruwa shi ne gam na liƙa takarda, shi ne kuma uwar kowane fenti. Inda babu ɗakwara, ƙaron marke ko na bagaruwa ya isa, ko da ya ke sun fi shi duhu.

Baƙin launi ba ya bukatar dogon bayani, gama duk yaron da ya zauna a makarantar allo ya ga yadda a ke yin tawada. Gawayi ne a ke niƙawa ya yi laushi ƙwarai, ko kuwa a kankaro baƙin gindin tukunya, a gama da ruwan ƙaro. Malaman da ke rubuta littattafai da hannu, da masu yi wa allo zayyana domin ranar sauka, sun daɗe suna haɗa baƙi da ja da rawaya da kansu, tun ba a san kanti ba a ƙasar Hausa.

Ja yana ƙarƙashin ƙafa. Amma jar ƙasa, in aka ɗebo ta aka shafa haka nan, tsakuwa za ta karce takarda. Dabarar ita ce a zuba ta cikin kasko, a cika da ruwa, a dama sosai, a dakata kaɗan. Yashi yana da nauyi, shi zai riga sauka ƙasa. Sai a tsiyaye jan ruwan da ke sama cikin wani kasko, a ajiye shi har gobe. Garin da ya kwanta a gindi zai yi laushi kamar kwalli. A zubad da ruwan, a shanya garin, a adana shi cikin ƙullin takarda. Haka a ke yi wa farar ƙasa. Guntayen allin da suka gagari yatsun malami su ma fari ne mai kyau, in an niƙa su.

Wanda ke son ja mai haske sai ya nemi karan dafi, irin dawar nan da a ke shukawa ba don ci ba, sai don jan kuben ganyenta, wanda dukawa ke rina fata da shi. A daka shi, a jiƙa da 'yar kanwa. Rawaya kuwa daga gangamau ta ke fitowa. Shuɗi ya fi sauran wuyar samu, domin baba, wanda a ke rini da shi a marinar Ƙofar Mata cikin birni, ba ya ba da launinsa sai ya yi kwanaki cikin karofi tare da toka. Saboda haka gara a roƙi 'yar bula wurin mai wanki. Bula da gangamau in sun gamu su ke haifar kore.

Akwai wani abin mamaki da ya kamata kowane aji ya gwada. A ɗiga ruwan kanwa kan rawayar gangamau, nan da nan sai ta juye ta yi ja. A jiƙa zoɓo, a raba ruwan kashi biyu, a matsa lemon tsami cikin ɗaya, a jefa kanwa cikin ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu kuwa zai rikiɗe ya koma wajen shuɗi ko kore mai duhu. Ga launi huɗu ke nan daga abu biyu. Sai dai a sani, launin da aka samo daga tsiro ya kan koɗe in rana ta daɗe tana dukansa. Na ƙasa da na gawayi ba su koɗewa.

Abin shafa fenti ba ya cin ko kwabo. A sami ɗanyen reshen darbejiya, a daddaka bakinsa da dutse har ya yi gashi kamar asuwaki. Wannan na shafa wuri mai faɗi ne. Na siririn layi kuwa, gashin fiffiken kaza ko na zabo ya isa, ko alƙalamin kara. Murafun kwalba su ne 'yan kasaken zuba launi, ƙayar aduwa ita ce allura. Wanda ke son zana da'ira sai ya ɗaura zare a jikin ƙusa, ya ɗaura fensir a ɗaya bakin. Almakashi kaɗai ne ba ya tsirowa a gona. Amma ba lalle kowane yaro ya mallaki nasa ba. Guda biyu ko uku sun ishi aji, in ana ba juna, in kuma ba a yanka kwali mai kauri da su, gama shi ke dakusar da su. Kada yaro ya tsinci tsohuwar reza a bola ya ce zai yi aiki da ita. Wanda ya yi aski da ita, ba a san cutar da ya bari a bakinta ba.

Saura takarda, ita ce kuwa ta fi cancantar tattali. A ƙasar Sin aka fara yin ta. An ce a shekara ta 105 wani bafaden sarki mai suna Tsai Lun ya kai wa sarkinsu takardar da ya yi da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin tarun kamun kifi. Kafin shekara ta 800 ana yin ta a Bagadaza, daga nan sana'ar ta bazu har Turai. Zuwanta Kano kuwa a bayan raƙumi ne, ayari ke ƙetaro hamada da ita daga Tarabulus. Sa'ad da Heinrich Barth, Bajamushen nan matafiyi da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana sayar da wata takarda ta ƙasar Italiya, wadda in an ɗaga ta wajen haske a kan ga hoton jinjirin wata guda uku a jikinta. Abin da ya yi watanni a hanya ba a wasa da shi, shi ya sa malaman da ba su barin ko gefen shafi ba su rubuta wani abu ba.

Yanzu takarda ta yi yawa har iska na yawo da ita a kasuwa, amma sabuwa fara har yau sai da kuɗi. Mai aikin hannu ba ya bukatar sabuwa. Bayan tsohuwar kalanda fari ne fes. Kwalin sabulu da na taliya, waɗanda mai tireda ke jefarwa, su ne allon da a ke gina hoto a kai. Littafin rubutu na bara ba ya rasa shafi biyu ko uku da ba a taɓa ba. In za a yanka, a faro daga gefe, kada a huda tsakiya a ɓata sauran. Ɓarɓashin da ya zuba kuma a tara shi cikin buhu guda a kusurwar aji, za a ga amfaninsa nan gaba. Abu ɗaya ne ba a taɓawa: takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ba ta shiga wannan aiki. Yaron da ya tsince ta sai ya kai wa malami.

Kara kuwa, tun kaka da kakanni shi ne kayan wasan yaran karkara. Da an gama girbi sai ka ga motar kara, da keke, da tabarau, da kejin tsuntsu. Abu biyu ke gare shi, ɓawo mai ƙarfi a waje, da totuwa mai taushi a ciki. A ɓare ɓawon siri-siri, a yayyanka totuwar, sa'an nan a riƙa soka wannan cikin wancan, ba gam ba ƙusa. In ɓawon ya bushe har yana karyewa, a tsoma shi a ruwa ɗan lokaci, sai ya lanƙwasu. Yana da kaifi, ya kan tsaga yatsan mai gaggawa.

Amma fa a nan ƙasar kara ba yasasshe ba ne. Da shi a ke darni, da shi a ke girki inda itace ya yi wuya, shi dabbobi ke ci da rani, har sayar da shi a ke yi dami-dami. Mai gona ya san adadin damin da ya jingina a bishiya. Yaron da ya zare kara ba da izini ba, ko da don aikin makaranta ne, ya taɓa abin wani. Ya je ya yi sallama ya roƙa. Da wuya a hana shi kakkaryayyun, su ne kuwa ya ke bukata. Haka nan hatsi. Ba a ɗiban gero a rumbu don ado, sai dai wanda ƙwari suka huda, ko ƙaiƙayi, ko ɓawon gyaɗa.

In kayan nan sun taru, ana iya gama su duka a hoto guda. A ɗauki kwali, a zana ƙauye da fensir. A fara da abin da ke nesa, watau a shafe sama da bula, a bari ta bushe. A kwaɓa jar ƙasa da ruwan ƙaro da kauri a yi katangu. Jinkar ɗaki busasshiyar ciyawa ce, darni kuwa ɓawon kara. Wajen hanya, a shafa gam a barbaɗa yashi, a kakkaɓe wanda bai kama ba. Ɗan ƙullin auduga ya zama tunkiya, ƙyallen da ya faɗo daga keken tela ya zama zanen mace mai daka, guntun fata daga rumfar baduku ya zama guga a bakin rijiya. Kuskuren da yara suka fi yi shi ne yawan gam. In ya yi yawa kwali ya kan jiƙe ya kantare. Kaɗan ya isa, sa'an nan a danne hoton da faifai da ɗan dutse har ya bushe.

Buhun ɓarɓashin nan fa? A yayyaga takardun ƙanana, a jiƙa su kwana biyu, a matse, a kirɓa a tsohon turmi har su zama kamar tuwo. Wannan aiki ya fi ƙarfin ƙaro, sai kokon rogo. A dama cokali biyu na garin rogo da ruwan sanyi kaɗan, a kwarara masa tafasasshen ruwa cikin gwangwanin madara ana juyawa, har ya yi yauƙi, a jefa ɗan gishiri don kada ya yi saurin yin funfuna. A cuɗa shi da kirɓaɓɓiyar takardar. Wanda ya kife ƙwarya, ya shafa mata ɗan mai, ya lulluɓe bayanta da wannan ƙulli, bayan kwana uku zai ciro akushi marar nauyi. Aji guda kuma suna iya taruwa su gina taswira a kan katako, su tayar da Dala da Goron Dutse, su ja hanyar Dambatta da zaren rama, su shafa bula inda madatsar ruwa ta Tomas ta ke.

Lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan aiki, gama iska a bushe ta ke, ga kara ga ƙaro duk sun samu. Da damina abin ya kan yi funfuna tun bai bushe ba. Kokon rogo ba ya wuce kwana biyu bai yi tsami ba, don haka a dama daidai na ranar. Kuma abinci ne wurin gara da kyankyaso da ɓera. Aikin da aka gama kada a jingina shi a bango ko a ajiye shi a ƙasa. A huda shi, a zura igiya, a rataye a tsakiyar ɗaki, a saƙala ganyen darbejiya a bayansa.