JABIR ƊAN ABDULLAHI (R.A): SOJAN DA BAI MANTA DA GIDA BA

'Yan uwa, yau ina so mu tuna da wani sahabi da muka fi sani da ruwayar hadisi, alhali shi tsohon soja ne kuma magidanci mai ɗauke da nauyi.

Jabir mutumin Madina ne, daga Banu Salama. Bai halarci Badar da Uhudu ba, domin mahaifinsa ya bar shi ya kula da 'yan uwansa mata. A daren Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, uban ya kira shi ya yi masa wasiyya biyu: ya biya bashin da ake binsa, kuma ya riƙe 'yan matan nan da kyau. Washegari ya yi shahada.

To kun ga gādon da saurayi ya tashi da shi. 'Yan mata tara, a wata ruwayar bakwai. Ga bashin dabino, wanda wani Bayahude kaɗai yana bin wasƙi 30, kowane wasƙi kuwa sa'i 60 ne. Masu bashi suka ƙi sassauci. Jabir bai gudu ba, bai ce ai uba ne ya ci ba ni ba. Ya je wurin Manzon Allah (S.A.W), aka umarce shi ya ware dabinon gonarsa kala-kala. Annabi ya zo ya yi addu'a, aka auna wa kowa haƙƙinsa har aka yi saura.

Da ya tashi aure ma bazawara ya aura. Annabi ya tambaye shi me ya hana shi budurwa, sai ya bayyana cewa yana neman wadda za ta taje wa 'yan uwansa kai, ta yi musu tarbiyya, ba wata yarinya sa'arsu ba. Annabi ya yi masa addu'ar albarka.

Duk da wannan nauyi, bayan Uhudu ba a sake barinsa a baya ba. Yaƙi 19 ya fita tare da Annabi, kamar yadda Imam Muslim ya ruwaito. A ƙarshen rayuwarsa ya makance, yana karantar da mutane a masallacin Madina, an ƙirga masa hadisi 1,540. Ya rasu wajen shekara ta 78 yana da shekaru fiye da 90.

Abin da nake so mu ɗauka guda uku ne.

Na farko, ga mai kaki: fita fagen daga ba ya sauke maka haƙƙin gida. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana gafarta wa shahidi komai banda bashi. Kafin a tura ka wani wuri, rubuta abin da ake binka, ka sanar da iyalinka. Mahaifin Jabir haka ya yi.

Na biyu, ga magada: a shari'a sai an biya bashi sannan a raba gado. Mu kuwa tun ba a share makoki ba ake rigimar gida da fili, mai bashi yana bakin ƙofa.

Na uku, ga mu jama'ar unguwa. A wata tafiya raƙumin Jabir ya gaji, Annabi ya saye shi da uƙiya ɗaya. Da aka isa Madina ya biya shi har da ƙari, ya kuma mayar masa da raƙumin. Taimako ne, amma ba a zubar masa da mutunci ba. A unguwanninmu akwai dattawan da suka je Laberiya da Saliyo, akwai matan da mazajensu suka faɗi a Borno suka bar musu marayu. Yawancinsu wallahi ba za su roƙe ka ba. Ka sayi abin da suke sayarwa, ka biya wa yaro kuɗin makaranta ba tare da shela ba.

Allah Ya ƙara yarda da Jabir da mahaifinsa, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu. Amin.