Yadda ake cire ƙarafa masu guba daga ruwa da kitosan

Kitosan gari ne da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, bayan an dafa sinadarin kitin da ke cikinsu a soda mai ƙarfi. Wani masani ɗan Faransa mai suna Rouget ne ya fara haɗa shi a 1859. Amfaninsa wajen tace ruwa shi ne yana da zaɓi: yana kama jan ƙarfe da dalma da zaiba, ya ƙyale sodiyam da kalsiyam. Sai dai ma'aunin tsamin ruwan, wato pH, shi ke ƙayyade ƙarfen da zai kamu, kuma a kansa aikin ya rataya.

Da farko a narkar da giram 2 na garin a mililita 100 na ruwa mai ɗan asid na binega, a juya har ya yi yauƙi. Sai a zuƙa a sirinji, a riƙa ɗigawa cikin ruwan soda, kowane ɗigo ya daskare kamar ƙwayar dawa. A wanke ƙwayoyin har sodar ta fita, sannan a jiƙa su a sinadarin gulutaraldehaid ko efikulorohaidirin, domin in ba haka ba za su narke da zarar sun shiga ruwa mai tsami. Kada a cika gulutaraldehaid, don yana cinye guraben amin da ke jikin kitosan, alhali su ne ke riƙe ƙarfen.

Daga nan a daidaita ruwan da za a tace. Idan jan ƙarfe ko dalma ake nufi, a tsayar da pH tsakanin 5 da 6. Idan kiromiyam mai caji 6 ne, irin na masana'antun shafe ƙarfe, a sauke pH zuwa 2 ko 3, inda amin ke ɗaukar caji ya jawo kiromiyam ɗin. A cika bututu da ƙwayoyin, a bi da ruwan ta ciki a hankali, a riƙa auna abin da ke fitowa a ɗakin gwaji. In ƙwayoyin sun ƙoshi, a wanke jan ƙarfe da dalma da asid marar ƙarfi, kiromiyam kuwa da soda, a sake amfani da su.

Wani zai ce farar ƙasa ta fi araha. Gaskiya ne, kuma ita ta dace da ruwan da ƙarfe ya yi wa yawa. Amma tana zubar da ƙarafan gaba ɗaya cikin laka mai guba, kuma da wuya ta kai dalma ƙasa da maikirogiram 10 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. Don haka a fara da farar ƙasa, a ƙarasa da kitosan, wanda ke tsinto ragowar har ya ba da damar a dawo da ƙarfen a sake sarrafa shi.