Sauya Tsarin Rabon Faifan Kwamfuta: Daga MBR Zuwa GPT

Sau da yawa akan sayi faifan ajiya mai ɗaukar terabait 4, a haɗa shi da kwamfuta, sai a tarar tana amfani da kusan rabinsa kawai, sauran kuma ya zama fako. Wanda bai san dalili ba zai ɗauka algus aka yi masa a kasuwa. Alhali faifan lafiyarsa ƙalau, matsalar tana cikin wani ɗan jadawali da ke rubuce a farkonsa.

An yanka kowane faifai zuwa ƙananan gurabe, a bisa al'ada kowanne yana ɗaukar bait 512 (bait ɗaya kimanin harafi ɗaya ne), kuma kowane gurbi da lambarsa. Kafin kwamfuta ta ajiye komai, sai an raba faifan kashi-kashi, kamar yadda magada kan raba gona, su kafa iyakoki, su rubuta a takarda. Wannan takarda ita ce jadawalin rabo.

Tsohon tsarin rubuta jadawalin shi ne MBR, wanda ya fito a shekarar 1983 tare da PC DOS 2.0, lokacin da kwamfutar IBM PC XT take da faifai mai megabait 10. Dukkansa yana cikin gurbin farko: bait 446 na umarnin tayar da kwamfuta, 64 na jadawali, 2 na hatimi. Tunda bayanin kowane kaso yana cin bait 16, manyan kaso huɗu kaɗai ake samu.

Babban cikas yana wajen ƙidaya. MBR yana rubuta lambar gurbi da alƙaluma 32, kowanne ko sifiri ko ɗaya, don haka gurabe 4,294,967,296 kaɗai yake iya lissafawa. Idan ɗalibi ya ninka wannan da 512, zai sami bait 2,199,023,255,552, wato kimanin terabait 2.2. Gurbin da ya wuce nan ba shi da lamba, kuma abin da ba shi da lamba kwamfuta ba ta iya kiransa. Bai kamata a zargi injiniyoyin 1983 da gajeren tunani ba, domin iyakar da suka sa ta ninka faifansu fiye da sau 200,000. Sai a 2010, da faifai masu terabait 3 suka shiga kasuwa, talaka ya fara cin karo da ita.

Tsarin GPT kuwa kamfanin Intel ne ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1990. Yana ƙidaya da alƙaluma 64, abin da ya kai iyakarsa fiye da terabait biliyan 9, kuma Windows tana yarda da kaso 128 a kansa. Sa'an nan yana ajiye jadawali biyu, ɗaya a farkon faifai ɗaya a ƙarshe, tamkar ƙoda biyu a jikin ɗan Adam: in ɗaya ta lalace, ɗayar ta riƙe aiki.

Hanyar sauyawa ta danganta da aikin faifan. Idan na ajiya ne kawai, sai a buɗe Disk Management, a share dukkan kason da ke kansa, a zaɓi mayar da shi GPT. Wannan yana tafiya da duk abin da ke ciki, saboda haka wajibi ne a fara kwafe shi zuwa wani faifan, a kuma tabbata faifan da ake nufi aka zaɓa, ba maƙwabcinsa ba.

Faifan da Windows take tashi daga kansa shi ne mai wuyar sha'ani. Tun 2017 Windows 10 ta zo da manhajar MBR2GPT, wadda ke sauya tsarin ba tare da share bayanai ba, muddin manyan kason ba su wuce uku ba. Amma bayan an gama, dole a shiga saitin tayar da kwamfuta a mayar da shi daga tsohon BIOS zuwa UEFI, in ba haka ba kwamfutar ba za ta tashi ba. Manhajar ba ta da hanyar komawa baya, don haka tun farko a bincika ko injin yana da UEFI. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa kuwa, kada a fara aikin sai da cikakken batir.

Tsohuwar kwamfutar makaranta mai faifai ƙasa da terabait 2 ba ta bukatar wannan sauyi, sai fa idan ana son ɗora mata Windows 11 ta 2021, wadda ta shardanta UEFI.